Liƙewar ramin kunne da ingancin sauti a ekuter mai hular roba

1. Gabatarwa

Wannan ƴar takarda ta shafi wani ƙaramin kayan aiki da kusan duk mai wayar salula ya taɓa riƙawa, watau abin saurare da ake sawa a kunne, wanda a kasuwanninmu ake kira ekuter, daga kalmar Faransanci écouteur, a Nijeriya kuma a ce iyafis. Iri biyu ne ya kamata mu bambanta tun da farko. Akwai wanda ake ɗorawa a bakin kunne kawai, ya zauna cikin kwarmin fatar kunne ba tare da ya toshe komi ba. Irinsa ne fararen nan da kamfanin Apple ya haɗa da iPod a 2001. Akwai kuma mai ɗan bututu, wanda ake sa wa hular roba ko ta soso a cusa shi cikin ramin kunne. Bisa wannan na biyu za mu yi magana, shi ne wanda ake kira intra-auriculaire da Faransanci.

Ƙorafin da aka fi ji game da shi guda ne: a ce sautin ba shi da nauyi, kiɗa ya zama kamar ana buga gwangwani, muryar namiji ta koma siririya. Mai saye yakan ɗora laifin bisa araha, ya ce jabu aka ba shi, ko kuma ya danna maɓallin ƙara sauti har ƙurewa. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba mu musanta ba. Amma abin da muke son nunawa a nan shi ne, kafin a kai ga maganar tsada ko sunan kamfani, akwai sharaɗi ɗaya wanda in bai cika ba ekuter na jika 50 ba zai fi na dala 200 da wani abin kirki ba. Sharaɗin kuwa shi ne hular ta liƙe ramin kunne ruf, ta yadda iska ba ta samun kafar fita. Maganar ba ta tsaya ga jin daɗin kiɗa ba. Kamar yadda za mu gani a gaba, rashin liƙewa shi ke tura mutane su ƙara ƙarfin sauti, ƙarfin sauti kuwa shi ke cin ji sannu a hankali.

2. Yadda sauti mai kauri ke samuwa cikin kunne

Sauti ba komi ba ne illa kaɗawar iska. Ana auna yawan kaɗawar da haz, watau sau nawa iska ta kai ta komo cikin sakan ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa wajen haz 20.000. Abin da Bahaushe ke kira sauti mai kauri, irin rugugin tambari ko na babbar ganga, yana can ƙasa, daga haz 200 zuwa abin da ya yi ƙasa. Siririn sauti kuma, irin kaifin sarewa ko ƙarar kuge, yana cikin dubbai.

Sauti yana cin mita 343 a sakan cikin iska mai zafin digiri 20, a zafin bazara kuma ya ɗan ɗara haka. Ke nan kaɗawa ɗaya ta haz 50 tsawonta ya kusa mita 7, alhali ta haz 10.000 ba ta wuce santimita 3 da rabi ba. Domin a tada doguwar kaɗawa irin ta farko a fili, dole a motsa iska mai yawa. Wannan ne dalilin da ya sa lasifikar da ake kaiwa wurin biki take da girma kamar akwati. To, shi ekuter fa? Tantanin da ke kaɗawa cikinsa faɗinsa bai wuce milimita 6 zuwa 12 ba a mafi yawansu. In muka kunna shi muka riƙe a tafin hannu, ba abin da za mu ji sai wani ɗan tsi-tsi kamar kukan sauro. Tambayar ita ce, ta yaya wannan ɗan abu zai ba da rugugin tambari in an sa shi a kunne?

Amsar ita ce, cikin kunne ba aikin lasifika yake yi ba, aikin famfo yake yi. Ramin kunnen babban mutum tsawonsa wajen santimita 2 da rabi ne, faɗinsa wajen milimita 7, ƙarshensa kuma dodon kunne ya rufe shi. Idan hula ta toshe bakin ramin, sai a sami ƴar iska a tsare tsakanin tantanin ekuter da dodon kunne, wadda ba ta fi santimita 1 zuwa 2 murabba'in ciki ba, watau ƙasa da rabin ƙaramin cokalin shayi. Duk motsin da tantani ya yi gaba yana matse wannan iska, ita kuma ba ta da inda za ta je sai ta tura dodon kunne. Ba a buƙatar tada wata doguwar kaɗawa. Matsi ne kai tsaye. Kuma motsin da ake buƙata ƙanƙane ne ƙwarai: lissafi ya nuna cewa domin a sami sauti mai ƙarfin gaske cikin ɗaki ƙarami haka, motsin tantani bai kai kashi 1 cikin 1000 na milimita ba.

Yanzu mu ɗauka akwai ƴar kafa tsakanin roba da fatar kunne. Misalin da ya fi dacewa shi ne famfon keke. Mu toshe bakinsa da babban yatsa, amma mu bar ɗan wuri kaɗan. In muka tura sandar a hankali, iska za ta sulale ta kafar, yatsa ba zai ji matsi ba. In muka tura ta da sauri, matsin zai taru kafin iska ta sami damar fita, yatsa ya ji shi sosai. Haka abin yake cikin kunne. Kaɗawar haz 50 tana ɗaukar kashi 1 cikin 50 na sakan, wanda a ma'aunin sauti lokaci ne mai tsawo, iska ta samu ta tsere. Kaɗawar haz 5000 ta ninka ta sauri sau 100, kafin iska ta motsa an riga an gama. Sabili da haka yoyo ba ya rage sauti baki ɗaya. Zaɓe yake yi, ya kwashe mai kauri ya bar siriri. Wannan shi ne sautin gwangwanin da ake kuka da shi.

Hasarar ba ƙarama ba ce. Kafa wadda ido ma ba zai lura da ita ba tana iya rage sautin da ke ƙasa da haz 100 da desibel 10 zuwa 20, ko fiye. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma ba a lissafa shi kamar tiyar hatsi: ragin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an raba sauti biyu, ragin 20 kamar an bar kashi 1 cikin 4. Wani abu kuma ya ƙara tsananta lamarin. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, masu bincike a ɗakin gwajin Bell a Amurka, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam bai da saurin jin sauti mai kauri kamar yadda yake jin na tsakiya, musamman in sautin ba shi da ƙarfi. Watau abin da yoyo ke ɗauka shi ne ainihin abin da kunne dama yake wahalar kamawa.

Masu ƙera waɗannan kaya sun daɗe da sanin haka. Injiniya Bafaranshe Ernest Mercadier, wanda ya yi rajistar wani abin saurare mai shiga kunnuwa biyu a 1891 domin masu aikin tarho, ya riga ya tanadar masa rufin roba. A 1981 hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ma'aunan kayan lantarki ta fito da ƙa'idar wani kunnen ƙarfe na gwaji, mai lamba 711, wanda har yanzu da shi ko da irinsa ake auna ekuter. Abin lura a nan shi ne, a wannan kunnen ƙarfe ana liƙe ekuter ne sarai kafin a auna. Ke nan lambobin da muke gani a bayan kwali, irin «20 zuwa 20.000», ko da gaskiya ne, sun dogara ne bisa liƙewar da mai saye ne kaɗai zai iya samarwa a kunnensa. Kamfanin Etymotic na Amurka, wanda ya taso daga aikin na'urorin taimakon ji, ya fito da ER-4 a 1991, mai dogon bututu da hula mai hawa uku. A 1995 kuma Jerry Harvey, mai kula da sauti a ƙungiyar kiɗan Van Halen, ya ƙera wa makaɗin gangar ƙungiyar wanda aka zuba daidai da siffar kunnensa. Hanyoyi biyu ne mabambanta, amma matsala ɗaya suke magancewa.

3. Zaɓen hula da yadda ake sawa

Mafi yawan ekuter suna zuwa da hula kashi uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, matsakaiciyar kuma ita ce a kan bututu tun daga kamfani. Mutane da dama da ita suke zama har ekuter ya mutu, sauran biyun kuma su tafi tare da kwali cikin shara. A ganinmu wannan ita ce ɓarnar da ta fi kowace yawa, kuma ita ce mafi sauƙin kaucewa.

Ramin kunne ba bututu ba ne miƙaƙƙe. Yana da lanƙwasa biyu, bakinsa kuma ba da'ira ba ne, ya fi kama da ƙwai. Kashi ɗaya cikin uku na waje guringuntsi ne mai laushi, sauran biyun na ciki ƙashi ne da siririyar fata bisa kansa. Kunnen dama da na hagu ma ba lalle su zama ɗaya ba, don haka ba abin mamaki ba ne mutum ya sa matsakaiciya a ɗaya, babba a ɗaya. Hula in ta yi ƙanƙanta tana shiga da sauƙi amma ba ta taɓa bango ko'ina. In ta yi girma kuma sai ta naɗe, naɗin ya zama magudanar iska, ko kunne ya riƙa turo ta waje a hankali. Wannan na biyu yana ruɗin mutane, domin suna jin matsi su ɗauka ya liƙe.

Wajen sawa, dabarar ita ce wadda likita ke yi in zai leƙa kunne: a zagayo da hannun ɗaya gefen ta bisa kai, a kama saman fatar kunne a ja ta sama da baya kaɗan, ramin ya miƙe, a sa ekuter a ɗan murɗa shi, sannan a saki. Hular soso kuma tata daban ce. Ana murza ta tsakanin yatsu har ta sirirce, a sa, a riƙe da yatsa kamar sakan 20 zuwa 30 ta kumbura ta cika wurin. Soso ya fi roba bin siffar kunne, ya kuma fi ta tare hayaniya, sai dai yana shan gumi da dauɗa, ba ya daɗewa, kuma samun sa a kasuwanninmu ba kullum ba.

Ta yaya za mu san ya liƙe? Hanya ta farko, mu yi magana ko mu yi gunaguni da baki rufe. In kunne ya toshe da kyau za mu ji muryarmu ta yi kauri tana amsawa cikin kai. Dalili shi ne, kaɗawar murya tana bi ta ƙashi da guringuntsi ta shiga ramin kunne. A kunne buɗaɗɗe sai ta fice, a toshe kuwa sai ta taru. Mutane da yawa ba sa son wannan amon, ga shi kuwa shi ne shaidar cewa aiki ya yi. Yana raguwa in hular ta ƙara shiga ciki. Hanya ta biyu, mu kunna kiɗa mai ganga, mu ɗan danna ekuter da yatsa. In sautin gangar ya dawo lokacin dannawa ya ɓace da muka ɗaga yatsa, to hular ba tamu ba ce. Ya kamata kuma a gwada ana motsa muƙamuƙi kamar mai tauna, domin gaɓar muƙamuƙi tana jingine da ramin kunne, buɗe baki yana sake masa siffa. Hular da ke saki duk lokacin da aka yi hamma ba ta zauna ba. Wasu ekuter marasa waya na zamani, kamar AirPods Pro da suka fito a 2019, suna da ɗan makirfo a ciki wanda ke auna liƙewar ya nuna sakamako a fuskar salula. Abin da yake aunawa bai wuce wannan da yatsa ke nuna muna ba.

Gumi da maiƙon fata suna sa roba santsi ta zame, abin da ya fi faruwa a watannin zafi. A cire hular, a wanke ta da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar.

4. Siririn sauti: zurfin sawa, dauɗa da ƙura

Liƙewa ita ke riƙe da sauti mai kauri. Siririn kuma wasu abubuwa biyu ne ke taɓa shi.

Na farko shi ne zurfin sawa. Kunne buɗaɗɗe yana da amo nasa na halitta: ramin yana ƙarfafa sautin da ke wajen haz 2700 zuwa 3000, kamar yadda tulu ke amsa murya, kuma da wannan ƙarin ƙwaƙwalwarmu ta saba. Da an toshe ramin sai wannan amo ya ɓace, dole mai ƙera ekuter ya mayar da shi ta hanyar tsarin bututu da tantani. A nan ne ake gane gwanintar kamfani, a nan ne kuma na araha suka fi faɗuwa: wani ya gaza sai murya ta zama kamar daga bayan bango, wani ya zarce sai ta zama kamar ana yi wa mutum tsawa. Bayan haka, ramin da aka toshe ta gefe biyu yana samun wani sabon amo, galibi tsakanin haz 7000 da 9000, gwargwadon tazarar da ta rage tsakanin bakin bututu da dodon kunne. In sawar ta tsaya a baki-baki, amon yana saukowa inda kunne ya fi ji, harafin s ya riƙa soka kamar allura. In ta ƙara shiga, amon yana hawa sama inda ba ya damu. Don haka wanda ke jin kaifi ya yi yawa ya fara gwada hula ƙarama wadda za ta ƙara nitsewa, muddin ba ta ɓata liƙewa ba, kuma muddin ba ta kai ga ciwo ba. Ɓangaren ƙashi na ramin kunne ba ya jure matsi.

Na biyu shi ne ƴar rariyar da ke bakin bututu. Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce kawai, kariya ce da fatar waje ta ramin ke fitarwa, tana kama ƙura tana fitowa da ita sannu-sannu. Ekuter yana tare mata hanya, wani sashe nata ya manne a rariya, ƙurar hunturu ta zo ta hau, su daskare. Sakamakon shi ne sauti ya dushe, mafi yawa a gefe ɗaya, mai shi ya ce kunne ɗaya ya mutu ya jefar, alhali lafiyarsa lau. Ana share rariyar da busasshen buroshin haƙori mai laushi, bakin bututu yana kallon ƙasa domin abin da ya fita ya zube waje. Ba a tsokana da allura, ba a hura ta da baki. A jikin ekuter da yawa akwai kuma wani ɗan rami kamar na allura, wanda aka yi da gangan domin daidaita iska a bayan tantani. Shi ba yoyo ba ne, kada a liƙe shi. Game da kunnen kansa kuwa, tsinken ashana da gashin kaza da auduga bisa tsinke duk tura dauɗa ciki suke yi. Kunnen da ya toshe aikin likita ne.

Wannan sashe ya fi shafar masu sauraren magana domin aiki, kamar ɗalibbai masu rubuta hirar da suka ɗauko da ƴan jarida. Karin sauti, wanda ke bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, yana da wuyar ɓata. Ko da yake tushen muryar namiji yana wajen haz 100 zuwa 150, ta mace kuma wajen 200 zuwa 250, ƙwaƙwalwa tana iya gano shi daga rassansa na sama. Shi ya sa muke fahimtar juna a tarho, wanda tsohon tsarinsa bai ɗaukar komi ƙasa da haz 300 ko sama da 3400. Baƙaƙe ne ke shan wahala. Bambancin sara da tsara, ko kafa da ƙafa, yana cikin ɗan gajeren fashewar iska mai kaifi, kuma ƙarfin harafin s mafi yawansa yana sama da haz 4000. Rariyar da ta toshe waɗannan take fara cinyewa.

5. Abin da ke zuwa daga waya

Ba kowane laifi ne na kunne ko na hula ba. Filogin ekuter mai makirfo, mai kaurin milimita 3 da rabi, yana da gaɓa huɗu, kuma an yi tsari biyu na jera su. Tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson sun bi ɗaya, mafi yawan na baya-bayan nan sun bi ɗayan. In aka haɗa ekuter na wani tsari da wayar wani, sai a ji kiɗa can nesa, muryar mawaƙi ta ɓace. Da an danna maɓallin makirfo aka riƙe sai komi ya dawo daidai. Wannan alama ce da ba ta ƙarya. Kusan irin haka kuma ke faruwa in ƙura da zaren aljihu sun cika ramin filogi har ya kasa shiga duka.

Sai abin da ake saurare shi kansa. A zamanin kaset kowane kwafi yana rage inganci. Fayil ba haka yake ba: ko an tura shi daga waya zuwa waya sau 100, yadda yake haka zai isa. Abin da ke ɓata shi shi ne sake matse shi, misali a ciro sauti daga bidiyon da aka riga aka matse a sake mayar da shi MP3 ƙarami. MP3 mai kilobit 128 a sakan galibi ana yanke masa abin da ya haura haz 16.000, hasarar da mafi yawan waɗanda suka wuce shekara 40 ba za su ji ba. Na ƙasa da haka sosai ne ke sa kuge da tafi su yi kamar ana wasa da ruwa. Ga masu Bluetooth kuma, a mafi yawan wayoyi da zarar makirfo ya buɗe domin kira sai sautin ya koma wani tsari ƙunci wanda bai wuce haz 4000 ko 8000 ba. Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi.

Maɓallin ƙara kauri da ke cikin salula ba ya maye gurbin liƙewa. Domin a cike gurbin desibel 20 dole tantani ya ninka motsinsa sau 10, lantarkin da yake ci ya ninka sau 100. Kafin a kai can sauti ya riga ya fara karkarwa. Haka nan maganar da ake yawan yi cewa sabon ekuter sai an bar shi yana kiɗa kwana da kwanaki kafin ya «nuna», mu ba mu ba ta nauyi ba. Abin da awo ke nunawa na canji kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da abin da canjin hula ɗaya ke kawowa. Kunnen mai saurare ne ke sabawa.

6. Ƙarfin sauti

Mai saurare ba ya zaɓen ƙarfin sauti a banza. Yana ɗaga shi ne har ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi. Titi mai cunkoson motoci da kabu-kabu yana iya kai desibel 80, kusa da injin niƙa kuwa ya wuce haka nesa. Wanda ekuter ɗinsa bai toshe komi ba sai ya hau 90 ko sama kafin ya ji abin da yake so, ga kuma kaurin da ya ɓace yana ƙara tura shi. Hular da ta zauna daidai tana iya rage hayaniyar waje da wajen desibel 20, ta soso ma fiye, sai mutum ya wadatu da 70.

Bambancin waɗannan lambobi biyu ba na wasa ba ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1 da miliyan 100 suna cikin haɗarin rasa ji sabili da yadda suke saurare. A 2019 ita da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, UIT, suka fito da ma'auni: babban mutum zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 85 saura awa 12 da rabi, a 90 awa 4, a 95 awa 1 da minti 15, a 100 minti 20 kacal a mako. Awa 4 a mako kuwa bai kai minti 35 a rana ba, abin da ɗalibi ke cinyewa tsakanin gida da makaranta. Faransa ta kafa doka tun 1996 cewa kada na'urar saurare ta aljihu ta wuce desibel 100, amma kayan da ke shigowa kasuwanninmu ba duka aka ƙera domin kasuwar Turai ba, kuma ko 100 ɗin, kamar yadda muka gani, rabon minti 20 ne.

Dole mu ƙara wani abu domin kada a fahimce mu a karkace. Ekuter da ya liƙe ya fi wanda bai liƙe ba ƙarfi a matsayi ɗaya na maɓalli. Amfanin liƙewa yana samuwa ne in an rage sauti bayanta. Hanyar da muke ba da shawara ita ce a daidaita ƙarfin a wuri shiru, a lura da inda alamar ta tsaya, in an fita titi kada a wuce wurin da yawa. Kuma toshe kunne yana da nasa haɗari ga mai tafiya bisa hanya: a Faransa an hana sa ekuter ga duk mai tuƙi, har da mai keke, tun 2015.

Ɓarnar tana faruwa ne can cikin kunne, a wata gaɓa mai siffar katantanwa, inda ƙwayoyi masu gashi wajen 15.000 ke mayar da kaɗawa saƙon jijiya. A jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Waɗanda hayaniya ke fara kashewa su ne masu jin wajen haz 4000, watau yankin baƙaƙen nan da muka ambata, shi ya sa mai wannan lahani ba ya cewa ba ya ji; cewa yake yi mutane ba sa fitar da magana, musamman cikin taro. Alamomin farko su ne ƙara ko shiii cikin kunne bayan an cire ekuter, da jin kamar an cusa auduga na ɗan lokaci. In sun wuce kwana ɗaya ko biyu, ko suna dawowa a kai a kai, sai a nemi likitan kunne ya yi awon ji. Awon ba ya ciwo, bai fi rabin awa ba, kuma a takardar sakamako layin haz 4000 ne ya kamata a fara dubawa.